Albashi ko sallama: wanne ke riƙe yaron shago?

Ɗalibin Ɗanfodiyo: Salamu alaikum iyayenmu. Aikina na kammala digiri a Jami'ar Ɗanfodiyo kan shaguna ne, ga kuma abin da masu bincike sunka gano: mai shagon da ke matse hannu wurin biyan yaransa, kansa yake cuta. Zeynep Ton, malama a jami'ar MIT ta Amurka, ta bi diddigin kantuna irin su Costco da Mercadona ta Sifen. Suna biyan ma'aikata fiye da takwarorinsu, suna saida kaya da rahusa, riba kuma na shigowa. Biya mai kyau na sa yaro shi daɗe, yaron da ya daɗe kuma ya san inda kowane kaya yake, ba ya cewa "babu" alhali abin na jibge cikin sito.

Alhaji mai atamfa: Wa alaikumus salam. Ɗana, wanga karatu na masu manyan kantuna ne. Mu nan Babbar Kasuwar Sakkwato ba albashi munka gada ba. Yaro shi zauna da kai, ci da sha da ɗinkin sallah, har aure, in ya ƙware ka sallame shi da jari. Wane Bature ya auna wannan?

Tsohon yaron shago: Allah shi ƙara girma Alhaji, amma sallamar nan baki ne kawai, babu rubutu babu shaida. Wani sai lokaci ya matso a ce kuɗi sun ɓace a hannunsa, shi tashi a tutar babu. Wanda ke wannan zullumi, da wace zuciya zai tarbi mai saye?

Hajiya: Ni dai mai saye ce. Shagon da na iske yaro ya ɗaure fuska, yana latsa waya ina tambayar farashi, ban komawa ko da ya fi arha.

Ɗalibin Ɗanfodiyo: Kun ji ko? Kuma ba kuɗi kaɗai ba. A 2015 zuwa 2016 an yi gwaji a shagunan tufafi na kamfanin Gap da ke San Faransisko da Shikago a Amurka: an tsayar wa ma'aikata lokutan aiki, ba a sauya musu kwatsam. Ciniki ya ƙaru da kashi 7 cikin ɗari. Sanin abin da gobe za ta kawo ne ya yi aiki.

Alhaji mai atamfa: To ai hujjata ka kawo. Da gobara ta ci kasuwa a Janairun 2021, ni ban kori yaro ko ɗaya ba. Mai albashi da tuni ya ce kowa shi kama gabansa.

Tsohon yaron shago: Kai ne, Alhaji. Ba kowa ba.

Hajiya: A rubuta shekarun da jarin gaban shaidu mana, ko Alkur'ani ya ce a rubuta bashi.

Alhaji mai atamfa: Wannan kam sai an kai wa shugabannin kasuwa. Ɗana, ka zo shago bayan la'asar da takardun tambayoyinka, amma yaran za ka tambaya, ba ni ba.