Wa ya ƙirƙiro alƙalamin tawada na makaranta, kuma mi ya sa anka hana mu biro?

Ɗan Jega:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga manyanmu na zauren nan, musamman waɗanda sunka riski zamanin UPE, shirin nan na ilimin firamare kyauta da anka fara a 1976. Wai wa ya fara ƙera alƙalamin nan mai shan tawada daga kwalba da muke ce ma faunten? Kuma mi ya sa malamai sunka tsani biro lokacin, har in an gan ka da shi cikin aji sai an karɓe? Haka ashana da fulas, kullum suna hannunmu amma ban taɓa jin wanda ya ba da asalinsu ba.

Tsohon Malami, Argungu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni na koyar shekarun da sunka biyo bayan 1976 kuma ina cikin masu karɓe biron, har yau ina ganin muna da hujja. Faunten ba ya son a danna shi, in yaro ya danna bakin ya buɗe ya lalace, dole ya sassauta hannu ya bi a hankali, to nan rubutu ke yin kyau. Biro kuwa sai an danna, yaro ya yi ta gudu, rubutun ya fito kamar tonon kaza.

Batun asali, mutane da yawa sun gwada, akwai wani ɗan Romaniya Petrache Poenaru da ya yi rajistar nashi a Faransa a 1827, amma wanda sunansa ya fi fita shi ne Lewis Waterman na Amurka a 1884, don shi ya gyara matsalar zuba, ya yi 'yan siraran hanyoyi ƙarƙashin bakin yadda iska ke shiga daidai gwargwadon tawadar da ke fita. Amma fa bai san zafin ƙasarmu ba! In tawada ta yi ƙasa cikin robar da ke riƙe ta a cikin alƙalamin sauran wurin iska ce, yaro ya sa shi aljihu ya tako rana cikin watan Afrilu iskar ta kumbura ta turo tawada waje, kafin ya iso gida farar rigar makaranta ta yi shuɗi wajen ƙirji, uwa ta yi ta faɗa. Da hunturu kuma bakin ya bushe sai an yarfa, shi ya sa daɓen aji duk ɗigo ne. In ta ɗiga kan littafi alli muke mirginawa a kai ya tsotse. Hero na China shi ya fi yawa hannun yara, kwalbar Quink kuwa ɗaya sai ta zagaye benci uku.

Biro wani ɗan jarida ne na Hangari, László Bíró, ya lura tawadar buga jarida na saurin bushewa, shi da ɗan'uwansa sunka sa ɗan ƙwallo a baki mai juyawa yana shafa ta, 1938. Arharsa ta zo ne da Bic a 1950, daga nan faunten ya fara ja da baya.

Maman Yara, Gusau:
Malam Allah shi saka da alheri, wallahi ka tuna min yatsuna biyu da ba su rabuwa da shuɗi sai hutu. Ashana kam na sani, wani mai sai da magani ne a Ingila, John Walker, ya same ta a 1826, amma irin tamu ta yanzu da ba ta kamawa sai an ƙyasta a gefen kwali mutanen Suwidin ne sunka fito da ita daga baya. Kafin ta wadata kakata cewa take ko ƙyastu ko a aiki yaro maƙwabta da kasko ya ɗebo garwashi, kuma duk macen da wutarta ke mutuwa kullum sai an yi da ita. Fulas ban sani ba, wani ya taimaka.

Ɗalibi daga Ƙaura:
Hajiya fulas James Dewar ne a 1892, kuma ba don shayi ko kunu ya yi shi ba, don ajiye abubuwa masu tsananin sanyi a ɗakin gwaji ne. Gilashi biyu ne an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, zafi ya rasa hanyar fita, shi ya sa in na ciki ya tsage shi ke nan sai a jefar.

Baba Malam kuma da izininka zan ƙara, an ruwaito cewa tun shekarar 953 halifan Faɗimiyya al-Mu'izz ya nemi a yi mishi alƙalami mai riƙe tawada cikinsa wanda ba ya ɓata hannu ko tufa, kuma anka yi mishi. Ni abin da ke damuna shi ne yaranmu za su san Waterman amma ba su iya feƙe alƙalamin kara ba, ba su san ana dama zuge da ƙaro a zuba a kurtu ba, alhali mu da wannan munka fara tun kafin boko.

Ɗan Jega:
Na gode ƙwarai, Allah shi ƙara sani. Baba Malam ko ana samun faunten da tawadarsa a kasuwar Birnin Kebbi yanzu, ko sai na yi saƙo Sakkwato? Ina son in gwada ma babbar ɗiyata, rubutunta ya fara ba ni tsoro.