Na sa sababbin rim, taya na gogar bodi: ku taimaka da shawara

Mai Corolla: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Motata Corolla ce ƙirar 2006. Makon jiya na cire rim ɗinta na asali mai lamba 15, na sa na alminiyam mai lamba 17 da tayoyi 225/50R17. Ta yi kyau ƙwarai, amma tun ranar, idan na murza sitiyari har ƙarshe zan fita da ribas, sai in ji gaba na ƙara. Jiya kuma mu biyar muka tafi Zariya, duk ramin da muka faɗa sai baya ta kurza, har warin roba nake ji. Wanda ya sayar mini ya ce wai za ta saba. Hankalina bai kwanta ba, da ita nake kai yara makaranta.

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, roba ba ta sabawa da ƙarfe, cinye ta kawai zai yi. Kafin ka gano inda take gogar, kada ka sake hawa babban titi da lodi. Gefen taya shi ne wurin da ya fi rauni, kuma idan ya yanke babu facin da zai riƙe shi.

Oga Bakanike: Malam, daga bayaninka wuri biyu ne ke gogar, kuma kowanne da dalilinsa. Ka samo alli ka shafa a kafaɗar taya, ciki da waje, ƙafafu huɗun duka. Ka murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka yi gaba kaɗan, ka yi ribas. Sannan ka sa mutum uku a baya ka haura tudun rage gudu a hankali. Inda alli ya goge a taya, da inda ya manne a bodi, nan ne. Ka haska da tocilan ka duba robar nan baƙa da ke cikin madigadi, ka nemi wurin da ya yi sheƙi. Sannan ka cire ƙafa ɗaya ka karanto mana abin da aka rubuta a bayan rim ɗin: lamba mai J (faɗin rim) da lamba mai ET (yadda rim ya shige ciki ko ya fito waje).

Ɗan Tasha: Oga, ba sai an sha wannan wahalar ba. Ya sa sifesa kawai, farantin nan da ake sawa a bayan rim, ni da ita na gyara tawa.

Oga Bakanike: A'a ɗan'uwa, dakata tukuna. Sifesa waje take tura ƙafa. Idan taka tana taɓa shoka ne daga ciki, to ta yi maka magani. Idan kuwa tasa bakin madigadi take ci daga waje, sifesa ƙara ta'azzara abin za ta yi. Sai mun ga inda alli ya nuna.

Mai Corolla: Na yi yadda ka ce, Oga. An rubuta 17x7J ET35. A gaba, robar cikin madigadi ce ta yi sheƙi, har wani kilif ya fita ta ɗan sauko. A baya kuma alli ya manne a bakin ƙarfen madigadi, kuma ɓangaren dama ya fi yawa. Akwai ɗan zane a kafaɗar tayar amma bai yi zurfi ba.

Malamin Lissafi: Bari in sa baki da alƙalami, don lambobin nan sun faɗi komai. Corolla irin taka yawanci da 195/65R15 take zuwa a kan rim mai faɗin inci 6, ET45. Lambar tsakiya, 65, tana nufin tsayin gefen taya kashi 65 cikin 100 na faɗinta ne. Idan an haɗa, tsayin ƙafar daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 635 ne. Sabuwar taka 225/50R17 ta kai kusan 657. Ka ga ƙarin 22, wato saman tayar ya matso kusa da bodi da milimita 11.

Wannan tsayi ke nan. Ga kuma faɗi: daga 195 zuwa 225 ƙarin 30 ne, 15 ciki 15 waje. ET kuma, duk lokacin da lambar ta ragu, ƙafa waje take fitowa. Daga 45 zuwa 35, milimita 10. Jimilla gefen tayarka ya fito waje da kusan milimita 25, inci guda cur, ya zo daidai ƙarƙashin bakin madigadi. Da mota ta nutsa sai su haɗu. Wani abin da mutane ba sa lura da shi: agogon gudunka ma ya daina faɗar gaskiya. Idan ya nuna 100, kana kan 103 da ɗoriya.

Mai Faci: Gaskiya Malam ya faɗa. Kullum ina ganin irin wannan a rumfata, a sayi rim mai kyau a ɗora masa tayar da aka samu kawai. Yallabai, rim ɗinka ba shi da laifi sosai, tayar ce ta yi girma. Ka nemi 205/50R17, tsayinta kusan 637, tamkar ta asali. Idan ba ka samu ba, 215/45R17 ta fi samuwa, ita kusan 625 ce, sai dai gefenta gajere ne, ramuka za su riƙa dukan rim. Ka zagaya kasuwar Ƙofar Ruwa ka tambaya, ka ga ko za a karɓi naka a yi maka musaya tunda ba su ci ba. In za ka ɗauki 'yan Kwatano, ka duba lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen tayar: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Hajiya Mai Camry: Ni fa abin ya taɓa faruwa da ni, aka kai wa fanel bita ya lanƙwasa bakin madigadin ciki. Ƙarar ta daina, amma fenti ya tsage a wurin, damina ɗaya tsatsa ta kama. Da na sani da taya na canza tun farko. Ƙanina, kada ka bari a sa wa motarka guduma.

Oga Bakanike: Hajiya ta gama magana, lanƙwasa ƙarfe shi ne na ƙarshe. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai: ka ce dama ta fi hagu. Rim iri ɗaya, taya iri ɗaya, bai kamata gefe guda ya fi ci ba. Motar nan ta daɗe tana bin hanyoyinmu. Ka ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, ka auna da tef daga tsakiyar rim zuwa bakin madigadi, hagu da dama. Idan dama ta fi ƙasa, sifirin ɗin da ke ɗauke da bodi ya kwanta. Ka danna but da ƙarfi ka saki, idan ta yi ta lilo, ko ka ga mai ya jiƙa jikin shoka, shokar ta mutu. Da ƙaramar taya ba za ka ji ba, babbar ce ta tona asiri. In za ka canza, biyun baya tare ake canzawa.

Kuma ramin tsakiyar rim ɗin kasuwa yakan fi na Corolla faɗi, nata milimita 54.1 ne. Idan akwai rata a sa zoben cike gurbi, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa a gudu. Noti kuma a ɗaure da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, 103 Nm, a sake dubawa bayan 'yar tafiya.

Baba Direba: Ni dai da tawa ce, lamba 16 zan tsaya. Hanyar da nake bi ba ta son taya mai siririn gefe.

Mai Corolla: Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na samu 205/50R17 guda huɗu, na yi ciko aka karɓi nawa. An mayar da kilif ɗin robar gaba, na murza sitiyari har ƙarshe, shiru. Shokar dama kuwa, Oga, kamar kana wurin, jiƙe take da mai, kuma gefen ya fi ƙasa da kusan yatsa guda. Asabar za a canza na bayan duka biyu. Bayan nan sai na yi alaimen, ko ba dole?

Oga Bakanike: Ka yi, Malam. Bayan an gama ka sake sa mutum uku a baya, ka shafa allin nan, ka turo mana hoto.