Musayar Waƙa: Jikin Nan Na Wane Ne?

Mama ta Zumuntar Mata

Salama, 'ya'yana. Ranar Lahadi an karanta mana 1 Korintiyawa 6:18-20, har yau ayoyin ba su bar zuciyata ba. Na buɗe fili, amsa-amonmu "ki" ne. Duk mai magana ya zo da waƙa.

Da sunan Uba nake farawa,
Da Ɗan da ya mutu don ceton kowa,
Da Ruhu mai ba mu ƙarfafawa,
Mu tattauna a kan zaman tsarki.

Bulus ya gaya wa Korintiyawa,
Garin fatake da jiragen ruwa,
Fasikanci abin gudu ne, 'yan'uwa,
Haikalin Ruhu ne wannan jiki.

Wasu don tsoron cuta suke tsare shi,
Wasu don surutu suke ɓoye shi,
Mu kuwa, Allah ne zai tashe shi,
Yadda ya ta da Yesu da jiki.

An saye mu, ba da azurfa ba,
Ba da shanu ko gonar gado ba,
Jinin Ɗan Rago ne, ba wasa ba,
Wa ke jinginar da kayan Sarki?

Saurayi mai jira

Mama, na ji, kuma ban musa ba,
Amma ba ku taɓo nauyin ba,
Shekara talatin ban yi aure ba,
Na gama karatu, babu aiki.

Akwai wadda nake so, tana jira,
Shekara huɗu ke nan muna hira,
Kawunnanta sun ce sai na tara
Kuɗin akwati da na sadaki.

Dare ya raba, waya na hannuna,
Hotuna na shigowa ba da nemana,
Ina addu'a, jiki na ƙuna,
Iyayena, ta ina zan taka birki?

Dattijon ikilisiya

Ɗana, ka fito fili, na yaba,
Mai ɓoye ciwo ba zai warke ba,
Yusufu ma saurayi ne, ka duba,
Bawa a Masar, ba gata, ba ɗauki.

Matar Fotifar kullum tana kira,
Yau ya ƙi, gobe sai ta ƙara,
Ran da gida ba kowa, ta fara
Jan rigarsa, ta riƙe da ɗoki.

Ya riga ya tuna amanar ubangidansa,
Amma ga inda ya kafa hujjarsa,
Zunubin ga Allah ne, Mahaliccinsa,
Mai ganin waje, mai ganin ciki.

Ran nan bai tsaya gardama ba,
Ya bar mata rigar, bai waiwaya ba,
Ya sha kurkuku, bai yi laifi ba,
Gudu a nan jarumta ce, ba raki.

Ayuba ya ɗaure ido da alkawari,
Kai ma ka kashe data tun da wuri,
Garwashi a ƙirji, komai sauri,
Sai ya ƙona riga, ya bar miki.

Ka karanta Farawa sura 39 a hankali, ɗana. Ni na yi shekaru ina karanta ta kafin in lura cewa ba rana ɗaya matar ta neme shi ba.

'Yar'uwa daga benci na baya

Baba, ku ba ni dama in faɗi tawa,
Ni ce wadda ta taɓa faɗuwa,
Aka kira sunana gaban kowa,
Aka sa ni horo don na yi ciki.

Wata shida ina benci na baya,
Ba Jibin Ubangiji, ba waƙa a kwaya,
Shi kuwa da ya jawo mini wuya
Yana kaɗa ganga a ranar biki.

Ban ce horon bai dace ba,
Na yi laifi, ban kuwa ɓoye ba,
Amma ba ni kaɗai na yi shi ba,
Shin mata kaɗai aka kira ga tsarki?

Mama ta Zumuntar Mata

Wayyo 'yata. Sai da na ajiye wayar na share hawaye kafin in iya rubutu. Buɗe Yahaya sura 8.

Matar da aka kama da zina, an jawo ta,
Tsakiyar taro aka tsai da ta,
Ita kaɗai, ina abokin laifinta?
Doka ta ce su biyu, abin mamaki.

Yesu ya sunkuya yana rubutu a ƙasa,
Ya ce marar zunubi ya fara jefa dutsensa,
Tun daga manya kowa ya kama gabansa,
Suka watse, ba mai buɗe baki.

Ya ce, ni ma ban hukunta ki ba,
Bai kuwa ce abin ba kome ba ne ba,
Tafi, daga yau ba za ki ƙara ba,
Ya ɗaga ta, ya sa ta hanyar tsarki.

Dattijon ikilisiya

'Yata, maganarki gaskiya,
Mu dattawa ne za mu ji kunya,
Dawuda ya ɗauke matar Uriya,
Annabi Natan bai kau da kai ba don mulki.

Ya ce masa, kai ne mutumin nan,
Dawuda ya amsa zunubin nan,
Zabura ta 51 ta fito daga nan,
Roƙon mai datti ga Mai wanki.

Na zauna a irin wannan zama ba sau ɗaya ba, na ga an kira yarinya, ba a aika wa yaron ba, na yi shiru. Ki yafe mana.

Uban 'yan mata uku

Kukan saurayin nan ya taɓa ni,
'Yan mata uku Allah ya ba ni,
In na tsawwala kuɗi, wa ya aike ni?
Burina su sami gida na kirki.

Bulus ya ce gara aure da ƙuna,
Mu mun tare ƙofar da akwatuna,
Sa'an nan mu zargi yara da zina,
Iyaye, mu ma muna da alhaki.

Saurayi mai jira

Na gode, iyaye, raina ya yi sanyi,
Jiya na yi abin da ban saba yi,
Na goge hotuna, na rage nauyi,
Wayar ta kwana a wajen ɗaki.

Baba, Asabar ko za ku raka ni
Wurin kawunnanta su saurare ni?
Da ɗan abin hannuna su karɓe ni,
A ɗaura mana aure cikin sauƙi.

'Yar'uwa daga benci na baya

Na yafe, Baba. Mama, na gode.

Ɗana ya shekara biyar a bana,
Shi ke riƙe mini littafin waƙoƙina,
Ran da aka maido ni Jibi, hannuna
Na rawa har na kai ƙoƙon a baki.

Dattijon ikilisiya

Asabar da ƙarfe huɗu, ɗana. Ka biyo ta gida mu yi addu'a, mu tafi tare.