Neman sufabaiza kafin cike fom ɗin digirin digirgir a aikin jinya

Nas_Nima: Assalamu alaikum. Ina da digiri na biyu (MPhil) a aikin jinya, ina son shiga digirin digirgir a Jami'ar Ghana da ke Legon ko jami'ar KNUST ta Kumasi. Shin sai na samu malamin da zai duba aikina kafin in cike fom? Kuma ta ina ake kamo shi?

Malam_Aboabo: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. A hukumance sashe ne ke naɗa sufabaiza, amma idan babu ko malami ɗaya da ke aiki a fannin da kika zaɓa, tun a intabiyu za a fara ja da baya.

Ki fara da rubuce-rubucensu, ba da sunansu ba. Shiga Google Scholar ki ga abin da kowanne ya wallafa cikin shekara biyar da suka wuce. Sannan ki buɗe UGSpace, rumbun kundayen bincike na Legon. A shafukan farko na kowane kundi akwai sunan wanda ya duba shi. Nan za ki gane wa ke yaye ɗalibai da gaske. Ki kuma lura da salon bincikensa. Malamin da ya saba da hira da majinyata ba lallai ya iya riƙe aikin alƙaluma ba, sai an haɗa shi da mataimaki.

Ki ware malamai uku, ki rubuta wa ɗaya tukuna. Wasiƙa gajeriya, CV, da shafi biyu: matsalar, giɓin da ke cikin binciken baya, hanyar bincike, da inda za ki tattara bayanai. Kada ki tura wasiƙa iri ɗaya ga dukan sashen, ofisoshinsu a jere suke, za su gane. Bayan sati biyu ki tuntuɓa sau ɗaya, in shiru ki wuce na gaba.

Hajiya_Mamobi: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ƙanwata ki duba shekaru. Karatun Legon shekara 4 ne, ritaya kuma a shekara 60 da haihuwa ake yi. Farfesan da saura masa shekara biyu, ko mai shirin hutun sabatika (dogon hutun da malamin jami'a ke ɗauka don bincike), zai iya barin ki a tsakiyar kogi. Ki tambayi ɗalibansa na yanzu: babi ɗaya yakan kwana nawa a hannunsa?

Usman_KATH: Ƙari kaɗan. Wurin tattara bayanai na da nasa ƙa'ida. A KNUST kwamitin ɗa'ar bincike, wato CHRPE, ne ke ba da izinin bincike. Asibitocin Ghana Health Service (hukumar lafiya ta Ghana) na da nasu kwamiti, asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Accra ma haka. Sufabaizan da ya saba bin waɗannan ƙofofi zai rage miki watanni. Kuma ki fara neman hutun karatu a wurin aikinki da wuri, domin shekarar farko a Legon ta kwasa-kwasai ce, ba ta haɗuwa da aikin dare.