Gyaran sifirin da shokobzoba na tsohuwar Peugeot 504

Tambaya daga Mai 504, unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi:
Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 504 mai dogon baya wadda mahaifina ya bar mini, kuma bayanta ya sauka ta ɓangaren hagu, tana ta lilo idan ta faɗa rami a hanyar Dakoro. Shin sifirin zan canja, ko shokobzoba?

Amsa daga Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam, ɗana. Saukar baya aikin sifirin ne, domin shi yake ɗauke da nauyin mota, shokobzoba kuwa lilon kawai yake kashewa. Mai dogon baya tana da naɗaɗɗun sifirin guda 4 a baya, biyu a kowane ɓangare, saboda haka idan za ka canja, ka canja su gaba ɗaya, kada motar ta karkace. Ka danna bayan motar da ƙarfi ka saki. Idan ta ci gaba da rawa, ko ka ga mai yana tsatsowa a jikin shokobzoba, shi ma ya gama aiki.

Amsa daga Direban Ɗan Isa:
Malam, ka duba robobin ƙafa tukuna, domin zafi da rairayin Maraɗi suna busar da su har su tsage. Ban goyi bayan cusa guntun taya tsakanin sifirin ba, kodayake wasu na yi. A da an daɗe ana haɗa 504 a Kaduna, shi ya sa ake samun kayanta ta Katsina da Kano.

Mai 504:
Na gode, Baba. Zan fara da robobin.