Bana a gidajenmu: wa ya yi aure, wa ya haihu, wa ya yi rashi

Uwar adashi, Sabon Gari

Salamu alaikum jama'a. Jiya wajen kwasar adashin ƙarshe na bana hira ta kai mu ga lissafin bukukuwan da muka kai wa gudummawa tun daga Janairu, sai muka tarar da yawansu ba ranar da aka fara sa musu aka yi su ba. Wani iyaka ce ta ɗaga shi, wani ruwa. Shi ne na ce kowa ya zo ya faɗi abin da 2024 ta zo masa da shi a gida. Nawa gajere ne: na yi jika ta fari cikin azumi, mace ce, na samu kishiya, tuni maigida ya daina kallona.

Angon Bagalam

Wa alaikumus salam Inna. Ni ne na iyakar. Yarinyar 'yar Jibiya ce, ɗiyar abokin cinikin Baba, an yi magana biki da kakar 2023. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli a nan Nijar, Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke mana wuta. Hanyar Ɗan Isa da mutum kan bi da safe ya dawo ya yi la'asar a Maradi ta koma sai ta daji bisa babur. Baba ya ce ba za a shigo masa da suruka ta cikin gonaki kamar buhun fasa-ƙwauri ba. Dangin amarya su ma suka ce in ba motoci a jere da guɗa, su ba su aurar da ɗiya ba. Muka koma zance ta waya, wayar ma sai na kai ta caji shagon mai injin wuta, in tsaya a kanta kada a canza mini batir.

Najeriya ta buɗe nata ɓangaren ranar 13 ga Maris, namu aka buɗe ranar 22, ana tsakiyar azumi. Bayan ƙaramar salla aka ɗaura. Jinkirin bai tafi a banza ba, don naira ta faɗi, jikka guda, wato sefa dubu, ta haura naira 2,000, kuɗin da na ware wa akwati biyu suka cika uku a kasuwar Katsina. Yanzu dai amarya ta fara cewa warin daddawa na tayar mata da zuciya. Inna kin gane sauran.

Uwar adashi, Sabon Gari

Na gane ɗana, Allah ya raba lafiya. Ka sayi ɗan rago tun yanzu ka ɗaure a gida, kada ka jira sai watan ya tsaya.

Maman 'yan biyu, Mokoyo

Ni tawa shekarar gida biyu ta rabu, kafin ruwan Juma'ar ƙarshen Agusta da bayansa. Cikina ya tsufa a lokacin. Ruwa ya shigo ta zaure, kafin in tattara tabarmi ya kawo mini gwiwa. Maigida ya saɓa yara biyu a kafaɗa, ni kuma abin da hannuna ya kai gare shi katin awo ne, na ƙulle shi cikin leda na soke a zani. Muna fita ɗakin ya zauna. Ban ji wata ƙara ba, bangon ne ya jiƙa har ya sulale bisa gado da kwanukan jeren da Inna ta yi shekaru tana tara mini. Da gari ya waye muka ji waɗanda ba su fita ba, sai na bar kukan kwanuka.

Aji guda aka ba mu a lakwal, wato makarantar boko, mu da wasu iyalai, aka ɗaura igiya aka rataya zannuwa, kowa da sashensa. Daga nan naƙuda ta kama ni cikin Satumba. Allah ya taimake ni, tun ranar 1 ga Satumba haihuwa a asibitin gwamnati ta zama kyauta, in ba haka ba ban san inda maigida zai dosa ba. Aka ce mini biyu ne, mace da namiji.

Wata tsohuwa da ke bayan zanin da ya raba mu, wadda ban taɓa sani ba sai a ajin nan, ita ta yi mini wankan jego. Tun asuba za ta hura wuta a bayan aji da itacen da ya ƙi bushewa, tana tari tana fifita, ta tafasa ruwa da ganyen dogon yaro, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Ranar suna ba mu da halin raguna biyu. Malam ya ce a yanka abin da ya samu, in Allah ya buɗa a cika daga baya. Mazan ajin suka haɗa kuɗi aka sayo guda, goro kuma liman ya kawo. Da ba don 'yan biyu da sunansu suke zuwa ba, sunan tsohuwar nan zan sa wa macen. An ɗaga komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28, kafin ranar muka kama haya. Har yanzu duk Juma'a sai ta zo ta duba su, ta kuma yi mini faɗan ba na cin abinci.

Magini, Zariya

Sannu Maman 'yan biyu, Allah ya raya, ya mayar da alheri. In maigida ya tashi gyara, ko ba halin bulo duka, ya yi tushe da dutse da siminti, ya ɗaga shi sama da hanya, sannan a ɗora tubalin ƙasa. Yawancin ɗakunan da na gani sun faɗi daga gindi ruwa ya ci su. Ni ma rage kuɗin siminti da gwamnati ta yi a Oktoba ne ya sa na ƙarasa nawa. Shekara da shekaru ina gina wa mutane ina kwana a haya, bana na rufa ɗaki biyu. Ba fenti, ba ƙofar banɗaki, labule ne, amma uwargida ta ce ko a haka tarewa za ta yi, kuma ta tare.

Hajiya, Tibiri (jikana ke rubuta mini)

Ina gaida ku duka. Malam, Allah ya jiƙan shi, da kakar bara ya rasu. Tun muna da ƙuruciya yake ce mini tare za mu tai Makka, kowace shekara in an ɗaure hatsi sai ya maimaita, ni ko in yi mishi dariya. Ashe ya bar wa ƙanen shi magana cewa ƙaramar gonar fadama a saida ta in tai. Yara sunka cika, ni ma na saida jajayen awakina, na bar uwar garken kaɗai.

Ranar 15 ga Yuni munka yi Arfa. Ni da na tashi cikin zafin Gobir ban taɓa ganin rana irin ta Mina ba, bana alhazai sama da 1,300 sunka rasu, galibi don zafi. Jifa ma wakilci na ba da, ban iya fita ba. Da na ga Ka'aba sunan shi ya fara zo mini a baki kafin nawa. Carbin shi na tai da shi, na dawo na ba babban ɗan shi. Ku sa shi cikin addu'a.

Angon Bagalam

Allah ya jiƙan Malam, ya karɓi aikinki Hajiya. Ki sa mana albarka mu ma mu daɗe haka.

Mushe, Ali Ɗan Sofo

Amin. Nawa farin ciki ne da ya zo da rigima. Babbar ɗiyata ta ci Bak, jarrabawar gama sakandare, ta samu shiga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo, ita ce mace ta fari a zuriyarmu da ta kai nan. Ba a gama shan shayin murna ba sai ga iyayen wani yaro da sallama. Yaron ba shi da aibu, yana da shago, ita ma tana so, ban tambaye ta ba amma na ga yadda take ɓoye waya. Yayata, wadda ta riƙe ta tana ƙarama, ta ce a ɗaura kafin azumi, karatu a yi shi a ɗakin miji. Ni kuwa ina koyarwa, na san 'yan mata nawa na gani an yi wa wannan alkawari, ciki na fari ya tashe shi. Na kira yaron ni da shi, na ce in da gaske yake ya jira. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, Baba. An tsaida magana za a karɓi goro bayan layya, biki sai ta gama shekara ta biyu. Yaya dai tun ranar in na gaishe ta da ka take amsawa.

Maman 'yan biyu, Mokoyo

Mushe, ka sayi turmin atamfa mai kyau da sabulu, amma kada ka kai da kanka. Ka ba yarinyar ta kai wa goggonta ranar da ba ta da darasi, ta wuni can ta yi mata tuwo.