A lokacin annoba, wace tiyatar mafitsara ce ba ta jira?

Ɗalibin Likitanci: Assalamu alaikum. Da korona ta ɓarke a 2020, asibitoci sun dakatar da tiyatar da ba ta gaggawa ba, gadaje da ma'aikata suka koma wajen masu fama da numfashi. To malamaina, a ɓangaren ƙoda da mafitsara, me ake ɗagawa, me ba a taɓa ɗagawa?

Likitan Mafitsara: Wa alaikumus salam. Murɗewar maraina ita ce kan gaba. Jini ya yanke, kana da kusan awa 6 kafin ƙwan ya fara mutuwa, don haka ba a zaman jiran sakamakon gwajin korona. A ɗauka maras lafiyan yana da cutar, a sa cikakkun kayan kariya, a shiga.

Sai tsakuwar da ta toshe ƙoda ga kuma zazzaɓi. Wannan ita ta fi ba ni tsoro, domin mugunya ce a kulle, maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ba ya isa wurin. A buɗe wa fitsari hanya a ranar, ko da siririyar roba daga ƙoda zuwa mafitsara, ko a huda ƙodar ta baya da allurar kashe zafi. Tsakuwar kanta a bar ta sai jiki ya dawo. Ruɓewar fatar maraina ma a yanke mataccen naman nan take. Aikin furostet kuwa, wato ƙullin naman da ke ƙasan mafitsarar namiji wanda kan kumbura ya tare fitsari, zai iya jira, a sa robar fitsari lamba 14 ko 16.

Mai Sa Barci: Gaskiya ne, Likita. In zai yiwu a yi allurar kashin baya, domin zura bututu a maƙogwaro da cire shi na watsa ƙwayar cutar a iska. Kuma a lissafa ɓata lokaci: sa kayan kariya, goge ɗaki, jiran iska ta sauya kafin a shigo da na gaba.

Sistar Gaggawa: Ɗan'uwa, babbar ɓarnar a gida take faruwa. Tsoron asibiti kan sa a riƙe yaro mai ciwon maraina har kwana ya juya, a ƙarshe sai cirewa. Sannan robar cikin ƙoda da aka manta: in ta zarce wata 3 zuwa 6 tsakuwa na kama ta, fitar da ita ya zama babban aiki. A buɗe rajistar duk wanda aka sa wa, da ranar cirewa da lambar wayarsa, a riƙa kiran su.